KIYAYE HANKALI DAGA ZANIN GOYO YAKE FARAWA: Nasiha a kan jariran da aka kwantar a asibiti



Yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda Ya fito da mu duniya muna raunana, ko ƙuda ba mu iya kore wa kanmu, sannan Ya sanya tausayinmu a zukatan iyaye har muka kawo ƙarfi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan'uwa masu bibiyar wannan shafi, musamman mutanenmu na Ɗan Isa, Ƙauran Namoda, Shinkafi, Zurmi da ƙauyukan da ke kewaye, rubutun yau a kan jaririn da ya fara rayuwarsa a gadon asibiti ne. Bakwainin da aka sa a kwalba. Wanda ya faɗo bai yi kuka ba sai da ma'aikata suka yi ta fama da shi. Wanda shawara ta kama har idonsa ya yi ɗorawa. Wanda zazzaɓi ko jijjiga ta kama a makon farko.

Ga yadda abin yake tafiya a gidajenmu. An kwantar da jariri, hankalin kowa ya tashi, ana ta addu'a, ana sayar da ɗan abin da ake da shi. Allah Ya taimaka ya farfaɗo, likita ya ba da sallama. A dawo gida, a yi barka da arziki, a yanka rago. Katin da aka rubuta ranar komawa asibiti a jikinsa kuwa, a cusa shi ƙarƙashin katifa, ba mai sake waiwayarsa. Wata goma ya wuce yaro bai zauna ba, sai kaka ta ce, "Ku bar shi, in lokacinai ya yi zama zai yi, ubanai ma nauyin jiki gare shi." Shekara biyu ba tafiya ba magana, sai zance ya juya: wai ɗan ruwa ne, wai aljanu sun musanya shi, wai kishiya ce ta sa masa hannu. Daga nan sai yawon gidajen masu magani. Ranar da za a koma asibiti yaro ya shekara huɗu, likita ya duba ya ce, ina ma tun yana wata huɗu kuka kawo shi.

Wannan jinkirin nake so mu auna da ma'aunin addini.

HANKALI YANA CIKIN ABUBUWA BIYAR

Malaman usulu, irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi, sun yi bayanin cewa shari'a ta zo ne don kare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuri'a da dukiya. In mun zo kan hankali a wa'azi, misalinmu kullum giya ce da ƙwaya da sholisho. Gaskiya ne, suna lalata hankali. To amma saurayin da muke tsoron ƙwaya ta taɓa masa ƙwaƙwalwa ya kai shekara goma sha takwas, da hannunsa yake ɗauka ya kai baki. Akwai wanda tasa ƙwaƙwalwar take cikin haɗari yana da kwana uku a duniya. Bai sha komai ba, bai iya cewa ga inda ke masa ciwo ba. Tsaron hankalinsa gaba ɗaya yana wuyan manyan da ke tsaye a kansa.

Da wannan hankalin zai koyi Fatiha, da shi zai san tsarki, da shi zai riƙe sana'a ya ciyar da iyayensa in sun tsufa. Mu a Zamfara muna alfahari da cewa jiharmu ce ta fara dawo da shari'a a shekarar 2000. Madalla. Sai mu tuna cewa shari'ar da ta hana giya don kare hankali, ita ce ta ɗora wa uba nauyin ya kai jaririnsa inda za a kare masa ƙwaƙwalwa.

Shari'a kuma ta san da bakwaini tun da daɗewa. A Suratul Baƙara aya ta 233 an ambaci shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa. A Suratul Ahƙaf aya ta 15 an haɗa ciki da yaye a wata talatin. Malaman tafsiri sun kawo cewa Sayyidina Ali (RA) ya haɗa ayoyin biyu, ya cire wata ashirin da huɗu daga talatin, ya fitar da cewa mafi ƙarancin cikin da ake haifa ya rayu wata shida ne. A fiƙihunmu, jaririn da ya faɗo ya yi kuka cikakken mutum ne: yana gado, ana gadonsa, in ya rasu a yi masa salla. Saboda haka maganar "ai wannan bai isa mutum ba, kada a ɓata kuɗi" ba ta da gurbi a bakin musulmi.

ME YA SA AKE GAGGAWA?

Likitoci suna maganar kwana 1,000 na farko, wato daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. A wannan tsakanin ƙwaƙwalwa take girma da saurin da ba za ta sake yin irinsa ba har ƙarshen rayuwa. Ba ina cewa ayar shayarwa ta sauka don ta koyar da ilimin ƙwaƙwalwa ba ne. Amma mai hankali zai lura cewa shekara biyun da Allah Ya keɓe don yaro ya manne da uwarsa, su ne masana suka gano sun fi kowane lokaci tasiri a kansa.

Bari in kawo misali da abin da muka sani. In gada ta karye da damina, mutane sukan nemi wata hanya ta cikin gonaki. Yau mutum ɗaya ya bi, gobe goma, kafin wata guda ta zama turba har babur yana wucewa. Haka ƙwaƙwalwar jariri take. In wani sashe ya samu rauni saboda rashin iska lokacin haihuwa, ko shawara, ko sanƙarau, Allah Ya ba ta ikon buɗe wasu hanyoyi, amma sai an yi ta bin su: motsa gaɓoɓi, magana da shi, taɓa shi, wasa da shi, kullum kullum. Wannan ikon ya fi ƙarfi a farkon rayuwa, yana raguwa da shekaru. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A lura, ba duk jaririn da aka kwantar ne zai samu matsala ba. Da yawansu suna tashi garau. Abin da ake cewa shi ne haɗarinsu ya fi na sauran, don haka idon da za a sa musu ya fi.

TUN YANA ASIBITI

Na farko, kada a fitar da shi kafin likita ya sallame shi. Sau da yawa abin da ke sa a sa hannu a ɗauke jariri shi ne ranar suna ta matso, dangi sun taru. Jama'a, a mazhabarmu ta Malikiyya akika mustahabbi ce, wanda bai samu iko ba babu zunubi a kansa. Ceton rai kuwa wajibi ne. Ba a barin wajibi don mustahabbi. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya sa wa ɗansa Ibrahim suna tun daga haihuwarsa, bai jira taro ba. Ka yi wa ɗanka huɗuba a gefen gadon asibiti. In kana da rago, a yanka a gida ranar bakwai yana can yana shan magani. In kuɗin ɗaya ne, ko rago ko magani, to wallahi magani ne a gaba.

Na biyu, shawara. Jarirai da yawa sukan yi 'yar shawara mai sauƙi ta wuce. Amma in ta yi yawa, sinadarin da ke sa jiki ya yi ɗorawa yana haurawa ƙwaƙwalwa, ya bar yaro da kurumta ko sandarewar gaɓoɓi har abada. Ta fi tsananta tsakanin kwana na uku da na biyar, wato kafin suna, lokacin da mai jego take ƙunshe a ɗaki mai duhu ba wanda ya kalli jaririn da kyau. A riƙa fito da shi bakin ƙofa da rana, a duba farin idonsa da dasashinsa, a danna goshinsa a ga launin wurin. In ɗorawar ta bayyana tun ranar farko, ko ta kai tafin hannu da tafin ƙafa, ko ya ƙi kama nono, ko yana wani siririn kuka yana banƙarewa, ba a kwana da shi a gida. Ruwan gulukos da jiƙe-jiƙe da shanya shi a hantsi ba sa maganin shawara mai tsanani. Maganinta wata fitila ce mai shuɗin haske da ake kwantar da shi ƙarƙashinta, a rufe masa ido don kariya. In ta wuce nan, sai canjin jini. In aka nemi jini, uba da 'yan'uwansa su miƙa hannu. Ba da jini don ceton rai halal ne, kuma sadaka ce.

Na uku, goyon ƙirji. Mu mutanen goyo ne, ba sai an koya mana ba. Bambancin kawai, wannan a gaba ake yi: a kwantar da bakwaini a ƙirjin uwa, fata na taɓa fata, a sa masa hula, a ɗaure da zani, a rufa. Wani likita mai suna Edgar Rey ne ya fara shi a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, saboda kwalaben asibitinsu sun yi kaɗan. A 2021 aka fitar da sakamakon binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a asibitoci biyar na Ghana, Indiya, Malawi, Tanzaniya da Ile-Ife a nan Najeriya. An ga cewa jariran da nauyinsu bai kai kilo 1.8 ba, in aka fara musu wannan goyon nan take bayan haihuwa, mutuwarsu tana raguwa da kusan kashi 25 cikin 100. A 2022 hukumar ta ba da shawarar a riƙa farawa nan take, a yi awa takwas zuwa ashirin da huɗu a rana. Ɗumin uwa ba ya buƙatar wutar lantarki ko man janareto. Ni'ima ce Allah Ya ajiye a ƙirjin talaka da mai kuɗi daidai wa daida.

Uwa ba za ta iya awa ashirin da huɗu ita kaɗai ba. Kaka za ta karɓa, gwaggo za ta karɓa, uba ma zai karɓa. Malam, kada ka ce girmanka ya faɗi. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikanyarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Wane ne kai, wane ne ni?

Na huɗu, nono. Dakashin farko da wasu ke matsewa su zubar wai ƙazanta ne, shi ne rigakafin farko da Allah Ya tanadar wa jariri. Bakwainin da bai iya tsotso ba, a tatsa a ba shi da ɗan kofi ko ta robar hanci, yadda ma'aikata suka nuna. Mutanenmu suna tsoron robar hanci da ta iska, wai duk wanda aka sa wa ba ya tashi. Robar ba ta kashe kowa. Abin da ya sa ake ganin haka, ba a kai yaro sai ya galabaita. Kuma kada a ɗura wa jaririn da ke kwance ruwan rubutu ko zuma ko jiƙo a ɓoye. Maƙoshinsa bai ƙware da haɗiya ba, abin yana iya wucewa huhu. A yi masa addu'a, a tofa, a shafa. Addu'a ba ta buƙatar cokali.

Na biyar, ranar sallama kada ka fita sai ka yi tambaya. Me ya same shi? Yaushe za mu dawo? Yana buƙatar gwajin ji? Shi bakwainin da ya daɗe a kan iskar oksijin, yaushe za a duba masa ido? Wannan duba idon a makonnin farko ake yinsa, in an makara yana iya zama makanta. Wace alama za mu gani mu dawo da gudu? Tambaya ba rashin kunya ba ce, haƙƙinka ne. Katin nan kuma a adana shi yadda ake adana takardar gona.

BAYAN AN DAWO GIDA

Ga ma'aunin da kowace uwa da kowane uba ya kamata su riƙe:

Tun makonnin farko, yana firgita in an yi ƙara mai ƙarfi.
Wajen wata biyu, yana kallon fuska yana murmushi.
Wajen wata huɗu, wuyansa ya tsaya.
Zuwa wata tara, yana zama ba tare da an tokare shi ba, yana gwaranci.
Zuwa wata goma sha takwas, yana tafiya da kansa, yana faɗin 'yan kalmomi.

Shi bakwaini ana rage masa lissafi har ya shekara biyu. Wanda ya zo da saura wata biyu, in ya kai wata shida a duniya, a auna shi da ɗan wata huɗu. In lokacin ya wuce bai kai ba, ko jikinsa ya cika sanƙarewa, ko ya yi laushi tuɓus kamar tsumma, ko hannu ɗaya kawai yake amfani da shi ɗayan a dunƙule tun bai shekara ba, ko ya iya wani abu sannan ya daina, to a koma asibiti a wannan makon. A fara da babban asibitin da ya fi kusa, na Ƙaura ko Shinkafi ko Zurmi. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura Gusau, Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Masu gashin ƙashi za su koya wa uwa yadda za ta riƙa motsa shi, da kwantar da shi, da zaunar da shi, ta ci gaba da yi a gida. Mafi yawan aikin a tsakar gida ake yinsa, asibiti hanya yake nunawa.

Sai maganar da na san za ta yi wa wasu nauyi: kunyar ɗan fari. Yarinya ta haihu, al'ada ta ce kada ta kalle shi a gaban mutane, kada ta yi masa wasa, wata ko nono ba ta ba shi sai an fita. Kunya alheri ce, amma a muhallinta. Jaririn da ya fito daga kwalba abincin ƙwaƙwalwarsa shi ne fuskar uwarsa da muryarta. In ta ƙi ambaton sunansa don kara, ba laifi, ta sa masa laƙabi. Amma ta kalle shi ido cikin ido, ta yi masa magana, ta amsa gwarancinsa, ta yi karatunta na Alƙur'ani yana jikinta yana ji. Iyaye mata, ku ne za ku sakar mata mara, ku ce mata ɗauki ɗanki ba komai. Lokacin da Aƙra'u ɗan Habis ya ga Manzon Allah (SAW) yana sumbatar jikansa Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi bai yaba masa ba. Ya nuna masa cewa rahamar Allah tana tare da masu jin ƙai.

A kiyaye shi kuma daga abin da zai mayar da hannun agogo baya. Kada wanzami ya cire masa beli. Kada a gasa cibiya da tsumma ko a shafa mata toka da man goge baki, a yi amfani da maganin cibiya na asibiti. A raba kayansa da ƙwallon kafur, domin akwai jariran da warinsa kaɗai ke fasa musu jini ya tayar da shawara. A bar zizara masa kwallin kasuwa, da yawansa dalma ce a ciki. Mu Zamfarawa mun san dalma. A 2010 gubarta ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda niƙan dutsen zinare a cikin gidaje, waɗansu da suka rayu kuma ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Duk mai zuwa wurin haƙar ma'adinai ya yi wanka ya canza tufafi kafin ya ɗauki yaro.

A cika masa allurar rigakafi. Nono zalla har wata shida, daga nan a ƙara da kunun da aka inganta da gyaɗa ko waken suya, da ƙwai, da ganye irin zogale. A watan Yunin 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF da Ma'aikatar Lafiya sun auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 97,000 a Shinkafi da Zurmi, suka samu fiye da ɗaya cikin huɗu yana fama da tamowa. Yaron da ya fito daga jinya in yunwa ta haɗu masa da raunin farko, nauyi biyu ke nan a kan ƙwaƙwalwa ɗaya. Kuma nonon uwa daga cikinta yake fitowa. Maigida, ciyar da mai shayarwa Alƙur'ani ne ya ɗora maka.

TO INA TAWAKKALI?

Wani zai ce, Malam, abin da Allah Ya rubuta ba makawa. Haka ne, mun yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi. Amma wa ya nuna maka abin da aka rubuta wa ɗanka? Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da neman magani, shi ma ya yi magani. Mutumin da ya tambaye shi ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, umartarsa ya yi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Lokacin da Sayyidina Umar (RA) ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, aka ce masa gudun ƙaddara yake yi, ya nuna musu cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce. A ƙasarmu ta Hausa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da ilminsa da nauyin mulki, ya zauna ya wallafa littattafai a kan magunguna.

Ba wanda yake barin gonarsa ba noma ya ce in Allah Ya so gero zai yi. Da sassafe muke fita, wani lokacin ma da fargabar abin da ke cikin daji. Don me sai a kan jariri tawakkalinmu yake zama naɗe hannu? Ruƙya ta shari'a gaskiya ce, a yi ta. Amma duk mai maganin da ya ce maka kada ka kai yaro asibiti, ko ya ce wance ce ta kama shi, ko ya ce a kai shi bakin rafi a ajiye wai ya koma wurin danginsa, ka guje shi. Na farko ya cuce ka, na biyu ya raba maka zumunci da zato, na uku kuwa kisan kai yake kiran ka zuwa gare shi.

WANDA NASA YA RIGA YA GIRMA

'Yar'uwa, in kina karanta wannan da yaro ɗan shekara biyar a gefenki wanda bai taɓa takawa ba, ban rubuta don in tayar miki da ciwo ba. Abin da ya wuce ba ki sani ba, Allah ba Ya kama bawa da abin da bai sani ba. Kuma ƙofa ba ta rufe ba. Gashi yana hana gaɓoɓi ƙara ƙagewa, maganin farfaɗiya yana tsayar da jijjiga, kurma yana koyon maganar hannu ya yi karatu. Ki kai shi. Kada ki ɓoye shi a ƙuryar ɗaki in baƙi sun zo. Aɗa'u ɗan Abi Rabah gurgu ne, hannunsa shanyayye, daga baya ya makance, amma shi ne mai fatawar Makka a zamaninsa. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, Annabi (SAW) ya sha barin Madina a hannunsa in zai yi tafiya. Duk wankan da kika yi wa yaron nan, duk lomar da kika ba shi, a rubuce suke.

Kai kuma maigida, ɗan nan naku ne ku biyu. Mai gorin mace da cewa a danginsu aka kwaso, ko ya sake ta ya bar ta da jinya, ya tanadi amsar da zai ba Allah.

NAUYIN DA KE KAN JAMA'A

Na san halin da ake ciki. Hanya ba tsaro, kuɗin mota ya ninka, wasu an raba su da garuruwansu. Mace tana iya sanin ranar komawa asibiti sarai, abin da zai kai ta ne babu. A nan ne nauyin yake sauka a kanmu duka, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Malaman tarihi sun kawo cewa wani dare Sayyidina Umar yana gadin wani ayari da ya sauka a Madina, sai ya yi ta jin kukan yaro. Da ya matsa wa uwar da tambaya, ba ta san shi ba ne, ta ce yaye shi take yi da ƙarfi tun lokaci bai yi ba, saboda Umar ba ya yanka wa yaro kaso daga baitulmali sai an yaye shi. Da asuba kuka ya hana mutane jin karatunsa. Yana sallamewa ya sa aka yi shela cewa kada a gaggauta yaye, an yanka wa kowane jariri kasonsa tun daga haihuwa. Kukan yaro ɗaya ya canza dokar daula.

Masu riƙe da mulki da 'yan majalisunmu, ga abin koyi. Fitilar shawara da wutar sola da za ta riƙe ta, da ɗakin da uwa za ta zauna ta yi goyon ƙirji, da ma'aikacin gashi a kowane babban asibiti na ƙaramar hukuma, su ne abubuwan da ake buƙata. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha da masu hannu da shuni su sa waɗannan jariran a lissafinsu, iyayensu da yawa fakirai ne da miskinai na gaskiya. Kowane masallacin Juma'a yana iya ware ɗan asusu don kuɗin motar mai komawa asibiti da jariri. Mai mota ko babur da ya ɗauke su kyauta, ya sani sadaka ya yi. Malaman Islamiyyun matan aure su karantar da alamomin nan da na lissafa. Mai cikin da aka ce mata haihuwarta tana da haɗari, a matsar da ita kusa da asibiti tun kafin naƙuda, kada dare ya yi hanya ta rufe.

Anas (RA) ya ba da labarin cewa Manzon Allah (SAW) yakan shiga salla yana nufin tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro, sai ya taƙaita don ya san halin da uwar take ciki. Salla ce fa, a masallacinsa, da sahabbai a bayansa. In an taƙaita salla saboda jariri, to kasuwa da gona da taron suna sun fi cancanta su jira.

Wanda yake da katin asibiti a ƙarƙashin katifa, ya ɗaga ta yau ya duba ranar da aka rubuta. In ta wuce, a je gobe. Wanda ya san gidan da aka sallamo jariri kwanan nan, ya karanta musu wannan, don da yawa daga masu buƙatarsa ba su da waya.

Ya Allah Ka ba marasa lafiyarmu lafiya. Ka raya mana zuri'a a kan imani, da lafiyar jiki da ta hankali. Ka saka wa iyaye mata masu jinya da Aljanna, Ka ƙarfafi ma'aikatan da ke kwana a kan jariranmu. Ka dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da Najeriya baki ɗaya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, Shi ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.